Farar Yayanki Ba Ta Nutse Ba

Sa'adatu, autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ko ciwon kai babu. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a Lakwaja, Ya sa shekarar nan ta bautar ƙasa ta zo miki da alheri. Innarku tana gaishe ki, ko da yake ta riga ta yi miki tata gaisuwar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, har sai da aka hau kan jakarki kafin ta rufu.

A ƙasan jakar, ƙarƙashin zannuwa, na cusa miki wani tsohon gwangwanin man takalmi tare da takardar nan. Kada ki yi murna, ba turare ba ne. Fara ce guda biyu a ciki, irin farar nan ta ƙarya da kika saba ganina ina yankawa daga soson silifas in ɗaura wa ƙugiya, in ɗora a kan ruwa, kifi ya zaci ta Allah ce ta faɗo daga ciyawa. Na san abin da za ki ce, ke koyarwa aka tura ki, ba kamun kifi ba. Na sani. Farar ba taki ba ce, aike ne zuwa ga yayanki, wanda rabonsa da gidan nan shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma yana garin da za ki. Duk Juma'a yana kiran innarku a waya, ni kuwa iyakata a gaida Baba. Idona na dama ya riga ya yi yana, na hagun ma ya soma, ke ce shaida tunda ke kike zura min zare a allura. Ina son in ga fuskar yaron nan tun ina iya rarrabe fuska da fuska. Amma kafin in gaya miki yadda za ki isar da aiken, bari in bi da ke ta hanyar da na bi na yi ta ɓata, ko kya tsinci wani abu a kai.

Ni ba ɗan masunta ba ne. Noma muka gada a gidanmu na Yalwa, ni na ƙara da ɗinkin takalmi, ranar kasuwar Rano ina Rano, ranar ta Kibiya ina Kibiya. Da farko ma ba kifi ke kai ni bakin dam ba. Kakana na wajen uwa yana da wata gona a can da ruwa ya shanye tun ina ƙarami, da tsamiya a tsakiyarta, inda muke zama mu sha kunu idan an tashi daga shuka. In na gaji da ƙafafun mutane sai in hau keke in tafi in zauna ina duban inda nake zaton tsamiyar take. Bayan la'asar iska takan kwanta, ruwan ya yi lumui, duwatsu su kifa kawunansu a ciki. A irin wannan lokaci sai in ga kamar tsamiyar tana nan a ƙasa da ganyenta, tana ta 'ya'ya ba mai tsinka, kifaye na ratsa rassanta yadda tsuntsaye suke yi a da. Nakan daɗe a haka har sai sauro ya tuna min da gida.

A nan na san Buba, wani Bafulatani da ke kawo shanunsa shan ruwa. Dogo ne, ba ya gaggawar magana, in ya yi kuwa sai ka kwana biyu kana juya ta. Wata rana ya zo ya tsaya a kaina ya nuna bakin ruwa da sandarsa.

“Mai takalmi, duba can,” in ji shi. “Shanuna ne ke ciyar da kifin dam ɗin nan, ba wanda ya taɓa gode musu.”

Na duba. Shanun na ratsa ciyawa, fara na tashi a gabansu, wasu na faɗawa kan ruwa suna wutsil-wutsil. Duk wadda ta faɗa, ba ta daɗewa sai ruwan ya buɗe ɗan baki a ƙarƙashinta ya rufe, sai da'ira ta bazu. Kifaye ne, kawara da karfasa, ke ɗauke su. Na nemo sandar gora da zaren fatsa na soma kama fara ina sokawa a ƙugiya, amma fara ta gaske ba ta da haƙuri, tana mutuwa take nutsewa, ko ta zame tun ba a kai ko'ina ba. Shekarar da soja suka koma bariki ce, kowa a rumfunan kasuwa zancen zaɓe yake, ni kuwa ina zaune cikin tarin tsofaffin takalma ina tunanin yadda zan yi farar da ba ta mutuwa.

Kuskurena na farko kalma ce ta ja min shi. Bahaushe ya tara abubuwa ya kira su soso: na wanka soso, na katifa soso, na silifas soso. Sai na ɗauka duk abu ɗaya ne, na zaɓi wanda ya fi laushi da rashin nauyi a hannu. Na ɗaga zanin gado na yanki kusurwar katifar innarku, ta wajen bango inda na yi zaton ba za ta gani ba. Kwana uku ina sassaƙa da reza, na yi musu ƙafafu da siririyar robar cikin tayar keke, na yi musu fiffike da gashin zabo. Da na ɗora ta farko a kan ruwa ta zauna ɗas, har na juya in ga ko Buba na kallo. Kafin in juyo ta soma duhu, ta yi nauyi, ta tafi ƙasa a hankali kamar mai jin barci.

“Farar taka ƙishirwa take ji,” in ji Buba.

Daga baya na gane. Ramukan soson katifa a buɗe suke, wannan na shiga wancan, ruwa na taɓa ɗaya ya zagaye duka. Na silifas kuwa kowane rami a rufe yake da 'yar iskarsa a ciki. In kina son ki san wane ne wane, ki matse shi a cikin ruwa ki saki, wanda ya fito yana ɗiga ki yar. To ke ma garin da za ki akwai magana, za ki ji ta a makaranta, ki ji a mota, ki ji a masauki. Ba duk abin da ya taɓa ki za ki sha ba. Ƙawa kuma kada ki zaɓe ta don laushinta a ranar farko, ki bari ki ga yadda take idan abu ya jiƙe. Innarku dai ta gano katifar a ranar da ta juya ta, kuma har yau in ta ji haushina sai ta tayar da zancen.

Da na koma soson silifas sai takalman gidan suka shiga uku. Wata safiya tana shirin zuwa suna a Durba ta ɗaga silifas ɗinta ta hango ni ta cikin rami.

“Malam,” ta ce, “kifin nan ne zai je min barka, ko ni?”

Ban yanki nata don mugunta ba, sabo ne, sosonsa da rai. Tsohon silifas da aka daɗe ana takawa, wajen diddigen ya riga ya mutu, nauyin mutum ya kore iskar cikinsa, ko kin ɗora shi a ruwa rabinsa a ciki yake zama. Daga tsakiya ake yanka, daidai kwarin tafin ƙafa, inda ƙafa ba ta dannawa. Na san wannan tun a lokacin, ki riƙe shi a ranki, za ki ga inda sanin bai amfane ni ba.

Sai kuma kwaɗayi ya shigo. Na ga kawara ƙanana ce, na ce bari in sa babbar ƙugiya irin ta tarwaɗa ko na samu na kirki. Ɗan soso kamar yatsa, na rataya masa ƙarfen da ya fi ƙarfinsa, ya kwanta a gefe ɗaya yana kallon sama, ba kifin da ya kula shi. Na rage ƙugiya, sai na koma kwalliya. Na sayi fenti kore da rawaya, na zana mata ido, na yi mata zane a gadon baya, na shafe ta da gam har ta yi ƙyalli. Masunta suka riƙa karɓa suna juyawa suna cewa sai ka ce za ta tashi. Gam ɗin ya sandarar da soson, fentin ya ƙara masa nauyi, ta yi kyau a hannu, a ruwa kuwa sai hancinta ake gani.

Wata azahar a kasuwar Kibiya, ciniki ya tsaya, na jingina da ginshiƙin rumfa gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai ga ni zaune a gindin tsamiyar kakana a ƙarƙashin ruwa, ina numfashi lafiya lau, da ƙwaryar kunu a gabana. Na ɗaga kai. Saman ruwan ya zama wani farin rufi mai motsi, rana na narkewa a cikinsa, farata kuma na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ban ga kore ba, ban ga rawaya ba, ban ga idon da na ɓata yini ina zanawa ba. Inuwa kawai na gani, da ciki, da ƙafafu suna ɗan lotsa fatar ruwan. Wani ne ya tashe ni yana son a ɗinke masa maɗaurin takalmi. Da na ba Buba labari bai yi mamaki ba, cewa ya yi ai kifi daga ƙasa yake kallo, shi ya ɗauka na sani.

Tun daga ranar na daina yi wa bayan fara ado. Ke ma za ki tsaya a gaban yara da fararen kaya da takardar shaida, manya su duba ta sama su yaba. Yaran daga ƙasa suke kallonki, kuma abin da suke gani daban ne: ko kin zo a kan lokaci, ko kin san sunan na bayan aji, ko fuskarki takan canja in ɗan mai hali ya shigo. Ki gyara wannan gefen. Kada kuma ki ɗaukar wa kanki abin da ya fi ƙarfinki don a ce ke ce, ƙaramar ƙugiya ta ciyar da gidanmu shekaru.

Na kuma koyi gwaji a gida, amma sai daga baya. Duk farar da na ɗaura sai na sa ta a kwanon ruwa tun la'asar, in duba ta da hantsi. In tana sama ta cancanci zuwa dam, in ta nutse kunyar ta tsaya tsakanina da innarku. Kin sha zuwa ɗaukar kwanon ki tarar da fara a ciki ki yi tsaki, ina jin ki.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye don kada in zo.

Kin tashi kin tarar ba na kiran sunan yayanki. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina aka sa masa, kunyar ta zama biyu. Ke sunanki ina kiransa sau hamsin a yini, in ɗora ki a keke, in saya miki alewa a gaban kowa, ba mai cewa komai, auta ce. Shi kuwa kai nake ce masa, ko yaron nan. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa ba, in an yabe shi a gabana sai in kau da kai in ce yaran yanzu sai addu'a. Haka aka yi min, haka na ga ana yi, kuma ban ce al'adar banza ce ba. Innarku ma ba ta kiran sunansa, ɗan Lakwaja take ce masa, amma ita ta san hanyoyin da take bi saƙonta ya isa.

Yana da shekara goma sha tara lokacin, ke kina firamare. Yana zama da ni a rumfa yana ɗinki, amma hankalinsa na kan inji, duk injin ban-ruwan da ya ƙi tashi a fadama shi ake nema. Wata la'asar da kaka muka je dam tare, Buba na nan da shanunsa, da masunta uku suna gyaran koma. Sai yaron nan ya ciro fara biyu daga aljihu ya miƙo min da hannu biyu. Shi ya ɗaura su a ɓoye. Na juya su na ga zaren ya zagaya soson sau uku kawai, a sake, ko lotsawa bai yi sosai ba.

Ki tuna sana'ata. Mai ɗinkin takalmi da jan zare ake saninsa, in ka soka basilla ka ja kirtani sai ya yi ƙara, in ba haka ba gobe mai takalmin ya dawo yana zaginka. Hannuna bai san wani ɗauri ba sai tamkewa. Farata a lokacin takan yi ɗan zama a kan ruwa sannan ta soma nutsewa, ni kuma ina ɗora laifin a kan soso, ko ƙugiya, ko yauƙin bakin kifi.

“Kai,” na ce masa, “wannan ɗauri ne ko lallashi?”

Masuntan suka yi dariya. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, in aka matse shi iskar cikinsa fita take yi.”

“Shekara talatin ina jan zare,” na ce, “yau kai za ka koya min?”

Na jefa ɗaya a aljihu, na sa reza na yanke zaren ɗayar, na sake ɗaure ta a gabansu, na ja, na ja, har ta yi ƙugu irin na zanzaro. Na ɗora ta a ruwa. Ta ɗan zauna, ta karkace, gindinta ya shige, sai ga ta tana tafiya ƙasa kowa na kallo. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Na ce ƙugiyar ce ta yi nauyi, na naɗe zarena muka taho gida, yana tura keken a bayana.

Washegari da na idar da sallar asuba na koma ni kaɗai. Hazo na kwance a kan ruwan, ba kowa sai wani zalɓe. Na ciro tasa, wadda ban taɓa ba, na ɗaura na ɗora. Sa'adatu, zama ta yi a kan ruwan kamar can aka haife ta. Iska ta ɗan tura ta, ƙafafunta suka motsa, ruwa ya buɗe baki. Na cire kifin, na wanke ta, na goge a hannun riga, na mayar, ta sake zama. Har rana ta take tsaka ina kamawa, ba ta nutse ko sau ɗaya ba. Na yi murna a wurin nan ni kaɗai, murnar da ban taɓa yi da wani abu nawa ba, har na ce a fili, yaron nan yana da kai. Zalɓe ne kawai ya ji. Da zan taho na soke ta a jikin hulata don ta bushe, na manta da ita.

Innarku ta soya kifin, muka zauna cin abincin rana a zaure ni da shi. Ta leƙo ta ce, “Malam, yau wace fara ce ta yi wannan aiki?”

Na ce, “Sa'a ce kawai.”

Sai na ga ya ɗaga ido ya dubi hulata. Ya dubi farar, ya dubi fuskata, ya dakata da loma a hannu. Jira yake. Kalma huɗu ce, taka ce ta yi, kuma suna nan a bakina, na ji nauyinsu a kan harshe. Na ce masa, “Miƙo min ruwa.” Ya miƙo min da hannu biyu, ya ƙarasa lomarsa, ya tashi.

Buba ne kaɗai ya taɓa yi min maganar. Bayan kwana biyu ya same ni a bakin ruwa, ya dubi shanunsa ya ce, “Mu Fulani mun fi ku kunyar ɗan fari. Nawa ko kallonsa ba na yi a gaban mutane. Amma tun yana cikin zani na ba shi karsana. Kullum safiya yana ganinta a garke, ya san tasa ce, ya san wanda ya ba shi. Kai me ka ba naka da zai duba ya sani?”

Na ce ai na koya masa sana'a.

“Ka ba shi basilla,” in ji Buba, “ka riƙe hannun.”

Na ji haushinsa har na yi mako ban je dam ba. Gaskiya ya faɗa. Alkunya sunan yaron ta hana ni kira, ba ta hana ni cewa ya yi daidai ba. Girman kai ne na sa masa rigar alkunya, na zauna a ciki ina jin kaina mutumin kirki mai riƙon al'ada. Ni da na san soson da aka daɗe ana takawa mutuwa yake yi, ban taɓa kawo ɗana a wannan lissafi ba.

Sau biyu ya roƙe ni in bar shi ya je koyon gyaran inji, sau biyu ina cewa rumfa fa, wa zai gaje ta. Da aka gama shigar da amfanin gona ya yi sallama da innarku a gida, ya same ni a kasuwar Rano ina ɗinkin takalmin wani. Ya durƙusa ya ce, “Baba, zan tafi.” Na ce Allah Ya kiyaye, ban ɗaga kai ba. Ya miƙe ya tsaya. Ƙafafunsa kawai nake gani, cikin wani shuɗin silifas da ni na ɗinke masa maɗaurinsa. Sun daɗe a wurin, babban yatsan na motsi. Sannan suka juya suka shiga cikin sauran ƙafafun kasuwa. Abin da na gani na ƙarshe a jikin ɗana ke nan, kuma in na rufe ido yanzu ina neman fuskarsa, silifas ɗin ke zuwa.

Na ji ciwon tafiyarsa, kuma ina kewarsa kullum, ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Innarku ta sani ba tare da an gaya mata ba. In ya kira ranar Juma'a sai ta ƙara sautin wayar ta dawo bakin zaure, wai a can ne ake ji sosai. Da haka na san ya iya injin jirgin ruwa, ya buɗe wurinsa, ya yi aure, an haifa masa mace. In ta miƙo min wayar sai in ce hannuna da gam.

Farar tasa kuwa na zauna na yi karatunta kamar allo. Ashe kafin ya ɗora soson sai da ya yi wa ƙugiyar shimfiɗa da zare, ya naɗe ta tsaf, ya ɗiga gam ɗan kaɗan a kan shimfiɗar. Sannan ya ɗora soson, zagaye na farko a sake, na biyu ya ɗan kama, na uku ya riƙe, ya tsaya a nan. Shimfiɗar ce ke riƙe da ita, zaren sama rakiya kawai yake yi. Shekara goma sha ɗaya duk farar da na ɗaura haka na ɗaura ta. Mutanen bakin dam har suna da suna gare ta, ɗaurin mai takalmi suke cewa, in an faɗa sai in yi murmushi in karɓa. Wannan ma ki gaya masa, na ci sunan da ba nawa ba.

To ga nasihata, ita ce babba, sauran duk rakiya suka yi mata. Ranar da wanda bai kai ki ba ya fi ki gaskiya, ɗalibi ne ko ƙanen miji ko ɗan da za ki haifa, ki faɗa masa a wurin, tun lomar tana hannunsa. In kin bari ya tashi, maganar kullum ƙara nauyi take. Wanda kike so kuma ki yi masa shimfiɗa mai kyau, ki sassauta zaren. Ba zan ɓoye miki ba, da takardarki ta fito aka ce Lakwaja, hannuna ya yi ƙaiƙayin ja. Har na sa hula zan je neman wanda zai sa a dawo da ke kusa, na kai ƙofar gida, na dawo na zauna.

Ga yadda za ki yi da gwangwanin. Kada ki ba shi a tasha, kada ki ba shi a gaban ma'aikatansa. Ki bari sai kin kwana biyu, ya ci abinci, hankalinsa a kwance. Ki roƙi matarsa kwano da ruwa, ki ajiye a gabansa, ki sa farar duka biyun a ciki. Mai ƙugun zanzaron ita ce wadda na yanke na sake ɗaurewa, ɗayar ita ce tasa, ba abin da na taɓa a jikinta sai tsatsar ƙugiya da nake gogewa. Duk kaka nakan gwada su a kwanon innarku, kuma ko wancan makon na gwada. Kada ki ce komai, zai gane su. Ku zauna ku jira, ba za ta daɗe ba. Idan tawa ta kwanta a ƙasan kwanon, sai ki ce masa, Baba ya ce taka ce ta yi.

Kada ki ce masa ya zo. Na yi ja iyakar ja a rayuwata, wannan karon ba zan ja ba. In ya tambayi idona ki gaya masa yadda yake, kada ki ƙara, kada ki rage. In ya yi shiru ki ƙyale shi da shirunsa, gado ya yi, ki bar masa gwangwanin ki tashi. In kuwa Allah Ya sa wata Juma'a ya ce a ba Baba wayar, ki shaida masa hannuna ba gam.

Ki riƙe salla a kan lokacinta, ki riƙa cin abinci ko ba irin namu ba ne, kada ki shiga jirgin ruwan da ya cika don ana sauri. Allah Ya kiyaye ki a tudu da ruwa, Ya tsare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba kya gani, Ya ba ki haƙuri da yaran mutane, Ya dawo min da ke lafiya. Allah Ya raya 'yar jikata da ban taɓa gani ba, Ya yi wa uwarta albarka. Allah Ya tsare min ke, Sa'adatu. Allah Ya tsare min Idirisu.

Ga shi nan na rubuta. Shekara talatin ke nan sunan yana bakina, ashe bai fi harafi bakwai ba. Na yi shi da manyan baƙi don ni ma in iya ganinsa. Ki nuna masa wannan layin.

Wassalam.

Ni ne babanku,
mai takalmi.